Tunkuzar Gogo

Gazawa, 21 ga Nuwamba, 2010

Zuwa ga maigidana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata ka koma Yamai lafiya, gajiyar hanya ta sake ka, karatu kuma yana tafiya yadda kake so. Ni da Mansura mun iso Gazawa tun ran Juma'a. Ɗan zawon haƙori jaririyar ta yi, shi ma ya tsaya. Jaye direba zai ba ka wannan takarda tare da soyayyen naman layya a leda. Kada ka rabar ma abokai duka kamar bara.

Za ka ce mi ya hana in kira ka. Waya a tsakar gida ake amsa ta, kunnen kowa na kai, maganar da ke cikina kuwa ta yaron nan ce, ɗan Gogo. Ɗan fari ne, ka sani: ba ni kama sunansa, ba ni tambayar lafiyarsa gaban mutane, tun ran da aka yaye shi aka kai ma Gogo mahaifiyarka a Sae Sabuwa ban ƙara ɗaukar shi a idon kowa ba. Shekara uku ke nan. A takarda kaɗai nake da baki, don haka ka yi haƙuri da tsawonta.

Haushinka nake ji, gara in faɗa maka. Washegarin Sallah da la'asar, da ka baje a tabarma a tsakar gidan Gogo ana ta ce maka likita, alhali ko takardar aikin jinya ba ka karɓa ba tukuna, kanka ya yi girma ka shiga ba su labarin abin da wani babban likita ya karantar da ku. Wai a Turai ana gwada wata hanya ta magance ciwo irin na yaron nan, na masu borin jini in sun ci gujiya. Ana ba yaro garin gujiya ɗan mitsitsi, bayan sati biyu a ƙara, a yi ta ƙarawa har jikinsa ya saba, wasu har sun kai suna cin ƙwaya biyar ba abin da ya same su. Ina ɗaki ina shayar da Mansura ina jin ka. Da farko daɗi na ji, har na ce Allah Ya nuna mana ranar da abin zai iso ƙasarmu. Sai na leƙo na ga fuskar Gogo.

Kai ba ka gani ba, kana can kana zuba. Ta ce ashe sai yanzu Nasara suka gano abin da take faɗa shekara uku, a ba shi kaɗan-kaɗan ya saba. Ka ce mata cikin dariya ai a asibiti ake yi. Ta ce wace asibiti ta fi ta sanin gujiya, ita da ta shekara arba'in tana matsar mai, ƙuli-ƙulinta daga Cadakori da Tibiri ake zuwa saye? Kowa ya yi dariya, kai ma ka yi. Iyakar gargaɗinka ke nan, Autan Gogo.

Sai da nake raka ka tasha ka gaya mani sauran: wai abin da ake fara ba yaro bai kai ƙwayar gero ba, a kan sikeli ake auna shi, likita na tsaye da allura a hannu, duk da haka akwai yaran da numfashinsu ya sarƙe. To mi ya sa ni ka ba wannan rabin, ita ka ba ta wancan? Ka kuma ƙara mata da cewa an lura yaran da suka fara cin gujiya tun suna jarirai ciwon bai cika kama su ba. Ka ga sandar da ka miƙa mata. Kafin in taho ta gaya ma duk wanda ya shigo gaisuwa cewa ɗanta likita ya tabbatar laifin matar lakol ne, wato ni malamar makaranta, da ta rene shi da cokali da tsantseni.

Ko ka manta ranar kunun gujiya? Yana wata goma sha ɗaya, cokali biyu kawai ya sha, leɓɓa suka kumbura, idanu suka rufe, numfashi na fita da ƙara kamar na kazar da mura ta kama. Majo, babban ma'aikacin jinya a likitar garin nan, ƙaramar asibitinmu, ya yi mashi allura, ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani zancen, ya ce ko man gujiya kada ya taɓa bakinsa. Kai ka ɗauke shi a kafaɗa kana gudu ba takalmi.

Ban ce Gogo ba ta son shi ba. Ta raba mashi tukunya, ran suya kuma sashen Husaina, matar yayanka Idrisa, take tura shi. Amma abin na cin ranta: jikanta, angonta yadda take kiran shi, bai taɓa ɗanɗana abin hannunta ba, yaran unguwa na ce mashi ɗan Nasara. Ni ba ni da bakin magana a kansa. Kai kana da shi. Don Allah ka kira ta, ka ce mata kai tsaye kada ta ba shi, ba da dariya ba.

Ka gai da abokan karatu. Mansura na ta kiran baba in ta ga mai farar riga.

Taka har kullum,
Saliha


Gazawa, 12 ga Disamba, 2010

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya sanyin Yamai? Mu nan lafiya lau, ƴan lakol sun fara jarrabawa. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku ina neman abin da na roƙe ka ban samu ba.

Rabinta zancen siyasa ne: sojoji za su miƙa mulki, an yi sabon tsarin mulki, kowane ɗan ƙasa zai samu bakin magana. Madalla, ni dai nawa bai iso ba. Sauran rabin ka ce na cika tsoro, wai Gogo wasa take, ka kira ta kun gaisa ka ji ba wata damuwa a muryarta. Kun gaisa! Ka kuma liƙo mani takardar binciken nan ta Faransanci da zane-zanenta, wai in karanta hankalina ya kwanta. Na karanta. A shafi na biyu an ja layi ƙarƙashin inda aka ce kada kowa ya kuskura ya gwada a gida. Da alƙalaminka ka ja layin, na san tawadarka.

To ga labarin wasan Gogo. Husaina ta kira ni ran kasuwar Cadakori, ta raɓe bayan masu tukwane don kada a ji ta. An fara tun Juma'ar da ta biyo bayan tafiyarka. Kullum da safe Gogo na dangwalo tunkuza, matsattsar gujiyar da take ƙuli-ƙuli da ita, da kan ɗan yatsanta ta shafa mashi a harshe. Ita a wurinta wannan shi ne kaɗan, ba ta san wani awo da ya fi shi ƙanƙanta ba. Kwana biyu na farko ya datse baki, ya gudu ya ɓuya bayan rumbu. Ni na koya mashi haka, a ɓoye, duk zuwan da na yi: in an ba ka gujiya ka ce a'a, ko wa ya ba ka. Ran na uku Gogo ta ja shi ɗaki ta raɗa mashi wata magana. Husaina ba ta ji mi ta ce ba. Tun ranar da kansa yake buɗe baki.

Jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, wuya da ciki da bayan kunne. Kana tsammanin ta tsorata? Guɗa ce kawai ba ta yi ba. Ta ce ciwon ne ya fara fitowa, kamar baƙon dauro, wanda in ya fito waje an tsira, in ya koma ciki ne yake kisa. Sai ta lulluɓe shi da bargo ya yi zufa don sauran ya fito da kyau, ta aika a kira maƙwabta su zo su ga aikin magani. Suna ɗaga mashi riga suna Masha Allah, yana susa yana kuka. In kumburin ya saɓe da rana sai ta ce kun gani, jiki na sabawa. Ta ce bayan sati biyu za ta ƙara, yadda likita ya faɗa. Kai ne likitan.

Na je wajen majo na ba shi labari kamar na ɗan wata maƙwabciya, kunya ta hana in ce nawa ne. Ya aje alƙalami ya ce mani wannan ciwon ba ya gargaɗi, yau ya tsaya a fata, gobe ya kama maƙogwaro, kuma in ya kama, allura kaɗai ke sakin shi, cikin mintoci. Ya ce a gaya ma maƙwabciyar nan ta je ta ɗauko ɗanta. Na ce zan gaya mata.

Ina son ka, ka sani, kuma ban taɓa raina mahaifiyarka ba. Amma in na kwanta ina ganin yaron nan cikin bargo, sai in ji na tsani karatunka, na tsani ranar da likitan nan ya buɗe baki a gabanku. Ka kira ta. Kalma biyu ce, kada ki. In harshenka ba ya iya ɗaukarsu ka rubuta ma Idrisa.

Hutun lakol ya kusa, zan je da kaina.

Matarka,
Saliha


Gazawa, 3 ga Janairu, 2011

Maigida,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da sabuwar shekara, da fatan jikinka lafiya. Na dawo daga Sae Sabuwa jiya. Kwana huɗu na yi, na so in yi sati, ban iya ba.

Ya rame. Wuyansa duk sawun farce ne, ya daina wasa da yara, yana zaune gindin turmi kamar tsoho. Da ya gan ni ya taso ya durƙusa ya ce sannu da zuwa Malama, yadda aka koya mashi. Na amsa ina kallon wani wuri, yadda aka koya mani.

Washegari da hantsi mata sun cika tsakar gida sun zo gaishe ni, sai Gogo ta ce a kira mata angonta ya sha magani. Da gangan ta zaɓi lokacin, na rantse. Yanzu an wuce kan yatsa, curi take yi kamar ƙwayar wake. Ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta ce a da ko warin wannan ba ya ji, ga shi yau. Ya karɓa, amma kafin ya kai baki ya juyo ya dube ni. Ni na ce mashi ya ƙi ko wa ya ba shi, ga ni zaune, jira yake in ce wani abu. Na sunkuyar da kai ina gyara ma Mansura hula. Ya haɗiye.

Ba a jima ba ya fara susar wuya, ya yi tari, ya yi amai a gefen murhu. Matan suka ce alhamdu lillahi dattin ciwo ne ke fita. Gogo ta ɗauko bargo. Ni kuwa ƙarar nan nake ji, ta ranar kunu, ƙasa-ƙasa cikin ƙirjinsa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Gogo, numfashinsa."

Iyakar abin da na ce ke nan cikin shekara uku. Gogo ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa ta ce, "Yau na ga abin da lakol ke koyarwa. Uwa ke tsaye a kan ɗan fari, a gabana, a gidana." Wata tsohuwa ta kama haɓa, wata ta ce mutanen bakin iyaka dama haka suke, ba su gaji kunya ba. Na koma na zauna. Allah Ya taimaka numfashin ya sake da kansa wajen azahar, sai abin ya zama hujja a kaina. Duk wadda ta fita sai ta ce ga shi nan garau, ina abin tada jijiyar wuya.

Da yamma Idrisa ya kira ni zaure ya yi mani nasiha. Ya ce na kunyata tsohuwa gaban baƙi, in je in ba ta haƙuri. Na ce a ba ni yaron ya yi ko wata ɗaya a Gazawa. Ya ce ɗa na gidan ubansa, uban ne ya ba da shi, uban ne kuma ya kawo labarin magani, in akwai gyara daga bakinsa za a ji. Na je na durƙusa na ba Gogo haƙuri. Ta yafe mani, ta ba ni ƙuli-ƙuli cike da kwano in kai ma mutanen gidanmu.

Ran da zan taho na same shi shi kaɗai bayan rumbu. Na rungume shi, ya tsaya ƙiƙam don bai saba ba. Na tambaye shi ina ke mashi ciwo. Ya ce ƙaiƙayin cikin wuya yake, inda hannu ba ya kai. Na ce mi ya sa ya daina ƙi? Sai ya tambaye ni ko in ya warke Baba zai zo. Na ce zai zo.

Ga abin da ban gaya ma kowa ba. Mai kabu-kabun da zai kai ni bakin hanya na tsaye ƙofar gida, injin na aiki, ba kowa a zaure. Hannun yaron na cikin nawa. Taku goma ne. Na tuna abin da za a ce, a Sae Sabuwa da Tibiri da nan Gazawa, na tuna fuskar babana in aka kawo mashi ƙara, na tuna kai. Na saki hannun na hau babur. Ina rubuta maka wannan ne don ka san ba kai kaɗai nake zargi ba.

Na bar ma Husaina maganin ƙaiƙayi da na saya a farmasi, ko da yake majo ya ce ba ya hana babban abin. Ka taimake ni, don girman Allah.

Saliha


Gazawa, 25 ga Janairu, 2011

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Jaye na jira a tasha, ba zan tsawaita ba.

Na ga amsarka. Ka ce irin wannan magana ba ta waya ba ce tsakanin ɗa da uwa, za ka zo bayan zaɓe ka zauna da ita cikin ladabi ka fahimtar da ita. Ka kuma kira ta ka shaida mata kana tafe. Ka gaya mata ranar zuwanka, ba ka gaya mata dalilin zuwan ba.

Ka san abin da ka jawo? Husaina ta ce Gogo murna kamar ta taka rawa. Ta ce kafin Auta ya iso sai angonta ya kai ga ƙuli-ƙuli guda cur, ya tarbi ubansa a ƙofar gida yana gurgura, a nuna ma likitocin Yamai an riga su. Ta daina jiran sati biyu, duk kwana uku take ƙarawa.

An sa sunana cikin masu aikin buron zaɓe, wurin jefa ƙuri'a, na ran Litinin, a lakol ɗinmu, kuma direktan lakol ya ce ba mai motsawa sai an gama. Talata da sassafe zan hau mota. Wannan karon zan ɗauko shi, a kira ni mara kunya daga nan har Gidan Rumji, in ka ga dama ka aiko mani da takardar saki. Amma kwana bakwai ne tsakani. Da takardar nan ta shiga hannunka, kafin ka sha ruwa, ka kira ta. Na durƙusa maka.

Saliha


Gazawa, 13 ga Fabrairu, 2011

Zuwa gare ka,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma lafiya, jarrabawar da ta hana ka kwana bakwai kuma ta yi kyau. Ya ƙarin haƙuri? Ka aiko Jaye ya tambayi lafiyata. Ina ci, ina sha, ina zuwa lakol. Ina gidan babana da Mansura.

Kwana uku ka yi a Sae Sabuwa kana zaune cikin maza kana karɓar gaisuwa, ba mu haɗa ido ba. Na ji abin da aka gaya maka a zaure, wai sanyi ne ya sarƙe shi farat ɗaya, kwana ya ƙare. Na ga ka karɓi wannan da hannu biyu. Kwana ya ƙare, gaskiya ne, ban ja da ikon Allah ba. Amma kai mai son bincike ne, bari in ba ka sakamakon naka, yadda Husaina ta ba ni shi tana kuka.

Ran Litinin Gogo ta yi sammako ta jefa ƙuri'arta ta dawo cikin nishaɗi. Ta hura wuta ta soya ƙuli-ƙuli sabo, ta zaɓi wanda ya fi kyau ta fifita shi ya huce, ta kira shi. Ya daɗe yana ci don haƙoransa ƙanana ne. Ya cinye. Wannan karon ba abin da ya fito a fata, ko ɗigo. Ya dai kama wuya, muryarsa ta shige. Gogo ta ce ciwon ne ke neman hanyar fita, ta lulluɓe shi da bargo ta zauna tana jira ya fito. Husaina ce ta yaye bargon ta ga leɓɓansa sun yi baƙi.

Ta fita da shi tana ihu. Maza duk suna layin zaɓe. Babu kabu-kabu ko ɗaya a gari, ƴan siyasa sun kwashe su suna jigilar mutane daga ƙauyuka. Amalanken jaki ta samu, na mai ɗibar ruwa. Ba su kai likita ba. Ta ce daidai gawon nan na bayan makarantar allo ta ji ya yi nauyi a cinyarta.

Ni a lokacin ina zaune bakin akwati ina kama yatsun mutane ina tsoma su a tawada, ina ce ma kowa sannu, Allah Ya ba mai rabo. An ce mu kashe waya, na kashe. Sai bayan magariba da aka gama ƙirga na kunna na ga kiran Husaina sau goma sha ɗaya. An rufe shi tun kafin la'asar. Talata da sassafe na hau motar da na ce zan hau.

Ba wanda ya yi mani gaisuwa. Gogo ake yi ma, ita ta yi rashin ango. Ni aka ba ni tsintsiya da tulu, ina kai ma baƙi ruwa. Ban yi kuka ba, uwar ɗan fari ba ta yi. Tsohuwar nan da ta kama haɓa rannan har ta yaba mani, ta ce ashe yarinyar na da kunya, an dai yi mata mummunar fahimta. Ka ji, na samu shaidar da na saki hannunsa don in samu.

Gogo ta tsufa cikin kwana ɗaya, ka gani da idonka. Ba ta ƙara hura wutar suya ba. Ran da zan taho na shiga yi mata sallama, ta riƙe mani zane ta ce kaɗan ya rage ya warke, da ya fito waje da shi ke nan. Sai ta ce, "Auta ya ce ana warkewa. Da bakinsa ya faɗa." Na so in tsane ta, na kasa. Ita abin da ta ji ta yi, da awon da ta sani.

Na bincika wajen Jaye. Ran Laraba da azahar ya ba ka takardata hannu da hannu. Husaina ta ce ka kira ran Alhamis, wayar na hannunta ta kara ma Gogo a kunne. Ka tambayi ƙafarta, ka tambayi kuɗin gujiya a kasuwa, ka tambayi wa za ta zaɓa, kuka yi dariya. Daga ƙarshe ka ce a riƙa bi a hankali da yaron nan. Ta ce a hankali ake bi.

Saura abu ɗaya, na yi kwana goma sha biyu ina shawarar ko in bar ka ba ka sani ba. Na ga bai kamata in ɗauka ni kaɗai ba. Ka tuna maganar da Gogo ta raɗa mashi a ɗaki, wadda ta sa ya daina ƙi? Ita da kanta ta faɗa ma Husaina. Ce mashi ta yi babansa ne ya aiko da maganin daga Yamai, ya ce in ya cinye duka zai zo. Wata biyu yana haɗiyar abin da ke shaƙe shi yana duban ƙofa. A kan amalanke, kafin muryar ta ɗauke gaba ɗaya, ya ja hannun Husaina. Sai da ta kai kunne bakinsa ta ji. Ya ce, "A gaya ma Baba na cinye."

To na gaya maka.

Ga takardarka ta Faransanci na mayar maka cikin ambulan, da layin da ka ja. Na yarda binciken gaskiya ne, wata rana zai ceci ƴaƴan wasu. Ka ci gaba da karatu. Kada ka aiko Idrisa biko, kada ka aiko kowa tukuna, ban san ranar da zan iya duban ka ba, ban kuma san ranar da zan iya duban kaina ba. Mansura ta kusa yaye. A hannuna za a yaye ta, a hannuna za ta zauna, duk mai son ganin rashin kunya ya zo ya tambaye ta.

Shekara biyar da wata huɗu ya yi a duniya ban kira sunansa ba ko sau ɗaya, shi ma bai taɓa ce mani inna ba. Jiya bayan an tashi lakol na rufe ƙofar aji na rubuta shi a allo, na karanta da ƙarfi. Garzali. Ashe ba shi da wuyar faɗa.

Ka yi mashi addu'a.

Saliha,
uwar Garzali